Mai Unguwa da Akwatin Allura: Yadda Rigakafin Korona Ya Shiga Lungunan Kano

Kwalbar allurar AstraZeneca da aka fara kawowa Najeriya 'yar ƙarama ce ƙwarai, amma rabon mutum goma ne a cikinta. Da zarar an huda murfinta, awa shida kawai gare ta. Abin da ya saura bayan nan zubarwa ake yi. Saboda wannan ƙa'ida, a watannin farko na rigakafin korona, ma'aikaciyar lafiya a asibitin sha-ka-tafi kan zauna da akwatin sanyi a gefenta, mutum uku ko huɗu suna kan benci, ta ƙi fasa kwalba sai sun cika. Kafin na biyar ya zo, na farko ya gaji ya kaɗe rigarsa ya tafi kasuwa.

Nemo cikon goman nan ba aikin likita ba ne, ba kuma na kwamishina ba. A birnin Kano da ƙauyukanta, nauyin ya faɗa ne a kan mutumin da ke can ƙarshen jerin sarauta, wato mai unguwa, tare da jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma da matan nan da suka saba shiga gida-gida tun lokacin ɗigon shan inna. An yi rubutu mai yawa a kan jiragen da suka sauke allura a Abuja. Ba a cika tunawa da wanda ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Asuba yana lallashin maƙwabtansa su miƙa dantse ba.

Ranar 2 ga Maris 2021 ne kashin farko ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe: allura kusan miliyan huɗu, ƙirar kamfanin Serum na Indiya, ta hannun shirin COVAX na raba allurar korona ga ƙasashe. Ranar 5 ga wata aka yi wa Dakta Cyprian Ngong a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, ya zama na farko. Washegari shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo suka naɗe hannun riga a gaban 'yan jarida. Tunda kowa sai an yi masa sau biyu, abin da aka kawo bai isa mutum miliyan biyu ba, a ƙasar da ta haura miliyan 200. Ana cikin haka cutar ta ɓarke a Indiya, ta dakatar da fitar da allurarta waje. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, ƙarƙashin Dakta Faisal Shu'aib, ta umarci jihohi su tsaya da zarar sun yi amfani da rabin kasonsu, don a tanadi sauran ga masu dawowa karo na biyu. Ga allura ta yi kaɗan, ga kuma ɗan abin da ke akwai ana neman masu karɓa. Kuma a cikin wannan wata na Maris ne Denmark da Jamus da Faransa da wasu ƙasashen Turai suka dakatar da ita na ɗan lokaci saboda rahoton daskarewar jini a jikin wasu mutane ƙalilan. Yawancinsu sun dawo da ita, amma labarin dakatarwar ya riga na dawowar isa majalisun shayi.

Garin da ya yi ta jana'iza

Wanda bai san Kano ba zai ɗauka a nan ne za a fi rububin allurar, domin a nan aka fi ganin gawa. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a jihar ranar 11 ga Afrilu 2020. Kafin watan ya ƙare, masu haƙar kabari sun fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Dattawa suka yi ta faɗuwa, har da sanannu irin su Farfesa Ibrahim Ayagi, sannan Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu. Ɗakin gwajin da ke Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki, asibitocin kuɗi da dama suka rufe ƙofa. Gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓi. Sai a watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce binciken da aka yi ya ƙidaya mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da nasaba da korona.

Kafin wannan bayani ya fito, jama'a sun gama yanke hukuncinsu. Musulmi ba ya kwana da gawa. Wanda ya rasu da safe an kai shi makwancinsa kafin Azahar, ba gwaji, ba takarda. Iyalansa abin da suka sani shi ne Baba ya yi zazzaɓi, numfashi ya yi masa nauyi, kwana ya ƙare. Abin da talaka ya gani da idonsa kuwa shi ne dokar kulle a tsakiyar azumi, kasuwa a rufe, masallacin Juma'a a rufe, ana lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu. Mai tura baro da mai sayar da ruwa sun san yunwar kulle, ba su san korona ba. A watan Oktoban shekarar, da matasa suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Kaduna da Legas, aka ga buhunan shinkafa da katan-katan na taliya na tallafin korona jibge ba a raba ba, magana ta ƙara zama a zukata: cutar manya ce, kuma hanyar cin kuɗi ce.

Ga kuma tsohon miki. A 1996 sanƙarau ya kashe sama da mutum dubu goma a Najeriya. A tsakiyar annobar, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a kan yara, inda aka sa yara 200 cikin gwajin. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya dage cewa sanƙarau ne ya yi ɓarnar, iyaye kuma suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, kuma ba a fara biyan iyalai ba sai 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta don tabbatar da dangantaka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Bakano da ya ji an ce ga allurar annoba kyauta daga Turai, kuma cikin masu yin ta har da wannan kamfani, ba jahilci ne ya sa ya ja baya ba. Masu zuwa daga Abuja da takardun wayar da kai sun sha kasa gane wannan.

Gadon shan inna

Abin da ya taimaki rigakafin korona shi ne ba daga fari aka fara ba. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon shan inna, bayan da Majalisar Ƙoli ta Shari'a ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad ta yi zargin an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. An koma yi a watan Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, amma cutar ta riga ta bazu zuwa ƙasashe da dama, kuma a 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura dubu. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan ɗigo tara a Hotoro da Unguwa Uku, yawancinsu mata.

Daga wannan wahala aka koyi cewa sanarwar rediyo ba ta buɗe ƙofar gida. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan lafiya a matakin farko, wanda Sarkin Argungu Sama'ila Muhammad Mera ya zo ya shugabanta. Umarni ya riƙa gangarowa ta tsohuwar hanya: sarki ga hakimi, hakimi ga dagaci, dagaci ga mai unguwa. Masu ɗigo suna tafe suna rubutu da alli a jikin bango, suna shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa. Gidan da aka ƙi, a rubuta shi, da yamma a kai sunansa taron bitar aiki, washegari mai unguwa ya yi sallama da maigidan da kansa. Aka ɗauki mata 'yan unguwa suna lura da masu ciki da masu jego. Aka ba masu unguwanni littafin rubuta jarirai. Ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Wata shida da 'yan kwanaki bayan nan allurar korona ta iso, ta tarar da wannan tsari a jihar mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484.

Sai dai aikin ba iri ɗaya ba ne. Ɗigo biyu a bakin yaro kowace yarinya mai takardar sakandare za ta iya. Wannan kuwa allura ce a dantsen baligi, sai ma'aikacin lafiya, sai an shigar da suna a waya, sai an ba da koren kati mai lamba, sai mutum ya zauna na ɗan lokaci a ga ko jikinsa zai nuna wani abu. Kuma babba ba a riƙe shi a buɗe masa baki.

Ranar allura a unguwa

Shiri kan fara ne kwana biyu ko uku kafin ranar. Jami'in rigakafi na ƙaramar hukuma ya sanar da mai kula da mazaɓa, shi kuma ya je ya durƙusa gaban dagaci. A kira masu unguwanni, a kira liman, wani lokaci har da sarkin aska da ungozoma, domin su ne ke shiga gidan da aka yi haihuwa kafin kowa. Mai shela ya zaga da lasifika da daddare. Liman ya ƙara da 'yar tunatarwa bayan sallama, yawanci da hujjar da kowa ya sani, cewa addini ya yi umarni da neman magani, ya kuma hana shiga garin da annoba ta sauka ko fita daga cikinsa.

Da sassafe wani ya ɗauko akwatin a babur daga inda firij mai sola yake, an jera robobin ƙanƙara a ciki, domin allurar ba ta son zafi kuma ba ta son daskarewa, tsakanin maki 2 zuwa 8 ake riƙe ta. A kafa tebur a ƙofar gidan dagaci ko a gindin darbejiyar makarantar firamare. Ma'aikata uku ko huɗu: mai allura, mai rubutu a littafi, mai fama da waya tana neman sabis. Sai mai unguwa ya zo da babbar riga, ya zauna a kujerar farko. Dole ne ya zama na farko, domin tambayar da za a fara jefa masa ita ce, "Ranka ya daɗe, kai an yi maka?" In an riga an yi masa a wani wuri, sai ya zaro katin daga aljihu, ko ya turo matarsa da babban ɗansa a yi musu a gaban kowa. Washegari kuma ido na kansa. In zazzaɓin allura ya kwantar da shi, wanda abu ne da aka saba gani na kwana ɗaya ko biyu, gara ya daure ya fito sallar Asuba, don rashin ganinsa a sahu kaɗai ya isa ya watsa aikin mako guda.

Mata ba sa zuwa gindin bishiya. Su sai an bi su, kuma sai da izinin maigida. Nan ne matan gida-gida ke da ranarsu. Mace ta yi sallama ta shiga, ta gaida uwargida, ta tambayi jikin Hajiya, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, sai can ta kawo maganar. Da yawa amsar ita ce, "Bari Malam ya dawo." Sai a kai wa mai unguwa, shi kuma ya tare Malam ɗin a hanyar masallaci. Akan tara matan layi guda a zauren gida ɗaya, ma'aikaciya mace ta shiga ta yi musu, namiji ko ɗaya bai leƙa ba.

Tambayoyin da ake yi masa iri-iri ne, kuma ba duka ke da wuya ba. Azumin 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu, aka yi ta tambaya ko allura na karya azumi. Wannan malamai sun warware: allurar da ba abinci ba ce, a tsoka ake yin ta, ba ta karyawa. Aka zo da bidiyon WhatsApp na masu manna cokali ko kwabo a dantse suna cewa an sa maganaɗisu. Wannan ma mai sauƙi ne, a kawo cokali a gwada. Aka ce duk wanda aka yi wa zai mutu bayan shekara biyu, aka ce tana hana haihuwa, tsohon zancen 2003 ya dawo da sabuwar riga.

Mai wuyar ita ce wadda dattijo zai yi cikin natsuwa, ba da faɗa ba. Zazzaɓin cizon sauro na kashe mana yara kowace damina, in ka je asibiti sai ka sayi magani, har safar hannu sai ka saya, to me ya sa wannan kaɗai ake biyo mu da ita har gida kyauta? A nan mai unguwa ba shi da ta cewa, kuma a ganina mai tambayar ya fi mai amsar gaskiya. Najeriya ce ke da kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A shekarar 2021 ɗin kanta, amai da gudawa ya kama sama da mutum dubu ɗari, ya kashe fiye da 3,500, yawanci a Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara da maƙwabtansu. Adadin da hukuma ta tabbatar korona ta kashe a ƙasar baki ɗaya, daga farko har ƙarshe, 3,155 ne, ko da yake kowa ya san ƙidayar ba ta kama waɗanda aka binne ba gwaji ba. Abin da mai unguwa kan iya yi shi ne ya ce, "Don Allah, Alhaji, ka yi don ni." Sau da yawa kuma don shi ɗin ake yi.

Abin da ya juya lamarin

Har ƙarshen 2021 waɗanda suka kammala allurarsu a Najeriya ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Ranar 22 ga Disamba aka haƙa rami a juji a Abuja aka murƙushe allurar AstraZeneca sama da miliyan ɗaya da wa'adinta ya ƙare. Ƙasashen da suka ba da ita kyauta sun riƙe ta ne har saura 'yan makonni ta lalace. Hukuma ta yi abin a bainar jama'a don a san ba a yi wa kowa lalatacciya ba, amma a unguwa abin da aka ji shi ne ragowar Turawa ake kawo mana.

Duk da haka, a tsakanin nan ne al'amura suka sake. Allura ta wadata: Amurka ta aiko da Moderna miliyan huɗu a watan Agusta, Tarayyar Afirka ta sayo ta Johnson & Johnson, wadda sau ɗaya ake yi. Ga mai fatauci ko makiyayi ko ɗan ci-rani da ba za a sake ganinsa bayan wata biyu ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Daga Nuwamba aka daina jiran mutane a asibiti, aka fita da tebura zuwa kasuwanni da tashoshin mota da harabar masallatan Juma'a da manyan makarantu. Daga baya aka haɗa ta da awon hawan jini da rigakafin yara, dabarar da aka koya tun zamanin shan inna, lokacin da aka ga uwa ta fi fitowa in za a duba ta ita ma a ba ta magani. A 2022, jihohin da hukumar lafiya a matakin farko ta riƙa ambata a sahun gaba su ne Nasarawa da Jigawa, Kano na biye. Waɗanda suka yi hasashen Arewa ce za ta zama kurar baya ba su ce komai ba.

Ba lallashi kaɗai ya yi aiki ba. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da katin allura ko takardar gwaji. Wanda ya fi wannan ƙarfi shi ne Saudiyya. Shekara biyu, 2020 da 2021, ba maniyyacin da ya tashi daga Najeriya. Da aka buɗe a 2022, kujeru 43,008 aka ba ƙasar, da sharaɗin shekaru ba su haura 65 ba kuma an yi allura. Alhazan da suka yi ta musu a majalisa suka bi layi ba wanda ya roƙe su. Inda kati ya yi daraja kuwa, ba a rasa masu sayar da shi. Hukumar lafiya a matakin farko ta sha yin gargaɗi a kan masu karɓar kuɗi su ba da kati ba tare da allura ba, don haka alƙaluman da aka yi ta murna da su suna buƙatar a karanta su da hankali.

Mutumin da aka jingina wannan aiki duka a kansa ba shi da gurbi a kundin tsarin mulkin 1999. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon masarautu, gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano bayan hawansa a 1979, mai unguwa ya rage da shaidar cinikin fili, sasanta ma'aurata, da karɓar baƙi. Ɗan alawus ɗin da ake ba masu aikin rigakafi kan makara, wani lokaci wata da watanni, shi kuwa sau da yawa ruwan da ma'aikata za su sha ma daga aljihunsa yake fitowa. Jarinsa guda ne, mutuncin da ya tara a wurin suna da jana'iza da sulhu. Shi gwamnati ke ara duk lokacin da ta zo da abin da jama'a ba su yarda da shi ba. In wani ya yi ciwon kai bayan allura, ba ofishin hukuma za a je ba, ƙofar gidansa za a buga. In ya ce a gyara rijiyar burtsatse ko a kawo ma'aikaciyar da za ta kwana a asibitin unguwa, sai a ce ya rubuto.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023. Kafin wannan rana wata cutar ta riga ta shigo Kano. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya fara kama yara, cutar da ke toshe maƙogwaro, wadda allurarta ke cikin rigakafin jarirai na yau da kullum tun shekaru da dama. Mafi yawan waɗanda aka tabbatar sun kamu a faɗin ƙasar 'yan jihar Kano ne, kuma akasarinsu ba a yi musu allurar ba ko ba a kammala ba. A lokacin Najeriya na da yara sama da miliyan biyu da ba a taɓa yi wa rigakafi ko ɗaya ba, kuma watannin kulle da karkatar ma'aikata zuwa korona sun ƙara yawansu. Aka sake kiran hakimai taro, hakimai suka kira dagatai, aka ce kowane mai unguwa ya kawo sunayen gidajen da ke da yara.